Kalmomin da Ke Yanke Hukunci a Takardar Inshora

A ɗauka ɗan kasuwa ya yi wa kayan da ke ɗakin ajiyarsa inshorar gobara ta miliyan 6. Wuta ta tashi ta ci kayan miliyan 4, sauran suka tsira. A lissafinsa babu wata magana, tunda asarar ba ta kai miliyan 6 ba za a ba shi miliyan 4 cif. Da takardar biya ta iso sai ya ga miliyan 2.3. Abin da zai fara zuwa ransa shi ne an cuce shi. Sau da yawa kuwa ba cuta ba ce, kalmomi biyu ne da ke cikin takardar da ya sa wa hannu suka yi aikinsu, shi kuma babu wanda ya zaunar da shi ya fayyace masa su tun ranar farko.

Kalmomin inshora suna da yawa, amma mafi yawansu daga tushe guda suka fito, wato ƙa'idar diyya. Alkawarin da kamfani yake yi wa mai dukiya shi ne ya mayar da shi inda yake ta fuskar kuɗi dab da aukuwar asarar, kada ya ragu, kada kuma ya ƙaru. Idan mutum ya riƙe wannan, zai ga sauran kalmomin duk matakai ne na kaiwa ga wannan adadin.

Adadin da aka rubuta a fuskar takarda, wanda ake kira adadin inshora, iyaka ce. Kamfani ba zai biya sama da shi ba, amma bai yi alkawarin biyan sa dukansa ba. A misalinmu, da mai tantance asara ya zo ya duba littattafan kaya, ya gano cewa ranar gobarar kayan miliyan 10 ne a ɗakin. Mai kayan ya biya kuɗin kariyar kashi 60 cikin 100 ne kawai na dukiyarsa, saura kashi 40 shi ya ɗauki nauyinsu da kansa, ko ya sani ko bai sani ba. A nan ne sharaɗin da 'yan sana'ar ke kira abareji yake shigowa. Ana raba adadin inshora da ainihin darajar kayan, a ninka da asarar: 6 bisa 10 na miliyan 4 ya ba da miliyan 2.4. Dalilin sharaɗin ba ɓoyayye ba ne. Yawancin gobara ba ta cinye komai ƙurmus, ɓangare take ci. Da babu abareji, kowa zai rubuta rabin darajar kayansa ya biya rabin kuɗi, amma ya karɓi cikakkiyar diyya a mafi yawan lokuta, wanda ya faɗi gaskiyar darajar nasa kayan shi zai riƙa ɗaukar nauyin sauran.

Abin da ya fi jefa mutane cikin wannan rami ba wayo ba ne, sakaci ne. An rubuta darajar gini shekara biyar da suka wuce, ana ta sabunta takardar a kan wannan adadi, alhali kuɗin gini ya ninka. Ko kuma an rubuta matsakaicin kayan da ke zama a ɗakin ajiya, gobarar ta zo a watan da aka fi cika shi. Ga mai kayan da ke hawa da sauka akwai tsarin da ake rubuta mafi girman adadin da kayan kan kai, a riƙa sanar da kamfani ainihin darajarsu wata-wata, a daidaita kuɗin a ƙarshen shekara. Gini kuma ana auna shi ne da kuɗin sake gina shi, haɗe da kwashe baraguzai da ladan masu zane da injiniyoyi, ba da farashin da za a saye shi a kasuwa ba, domin fili ba ya ƙonewa.

Dubu 100 da suka rage tsakanin 2.4 da 2.3 su ne akses, kason farko na kowace asara da mai inshora ya yarda zai ɗauka da kansa. A yawancin takardu sai an gama lissafin abareji ake cire shi. Amfaninsa biyu ne. Yana hana ƙananan buƙatu da kuɗin bincikensu ya fi su yawa, yana kuma sa mai dukiya ya ci gaba da kula da ita tunda shi ma zai ji a jikinsa. Wanda ya yarda da akses mai girma yakan sami ragin kuɗin inshora. Abin dubawa shi ne yadda aka rubuta shi. Wani adadi ne tsayayye, wani kuma kaso ne na asarar, kamar kashi 10 cikin 100 amma kada ya gaza adadi kaza. Kuma a kan kowane hatsari ake cire shi, don haka motar da ta yi karo sau uku a shekara sau uku za a cire. Akwai wani tsari mai kama da shi da aka fi sani a inshorar jiragen ruwa, inda ba a biyan asarar da ba ta kai wani adadi ba, amma da zarar ta haye shi a biya ta dukanta ba ragi.

Sai tsufan kaya. Injin da aka saya shekara 4 da suka wuce, wanda aka ƙiyasta zai yi aikin shekara 10, idan sabonsa yau miliyan 8 ne, diyyarsa za ta tsaya wajen miliyan 4.8, domin ya riga ya ci kashi 40 na rayuwarsa. Mai injin zai ce wannan kuɗin ba zai saya masa wani ba, kuma gaskiyarsa ne. Maganin shi ne sharaɗin sabo a madadin tsoho, wanda ke sa a biya kuɗin sabon inji irinsa. Amma sai an rubuta adadin inshorar a kan farashin sabo tun farko, kuma yawanci sai an ga an sayi injin ko an fara ginin a kan lokaci kafin a saki cikon kuɗin. Kayan da darajarsu ke da wuyar aunawa bayan sun salwanta, kamar jirgin ruwa ko zane mai tsada, ana amincewa da darajarsu ne ranar ƙulla yarjejeniya. Idan kuma kuɗin gyara ya kusa ko ya wuce darajar abin, kamfani yakan ɗauke shi a matsayin wanda ya lalace gaba ɗaya, ya biya darajarsa, ragowar ƙarfen ta zama tasa. Mai son riƙe ragowar sai a cire kuɗinta daga diyyarsa.

Kuɗin da ake biya don samun kariyar shi ne firimiya. Lissafinta a asali mai sauƙi ne. Idan gidaje 1,000 ne, kowanne darajarsa miliyan 10, kuma bayanan shekaru sun nuna biyu kan ƙone a shekara, asarar miliyan 20 ke nan, kowane gida ya kawo dubu 20. A kan wannan ake ɗora kuɗin gudanarwa, da kamashon dillalai, da tanadin shekarar da gidaje biyar za su ƙone maimakon biyu, da ribar kamfani. Abin da ke riƙe da lissafin shi ne yawa. Ba wanda zai iya cewa gidan wane ne zai ƙone, amma idan gidajen suka yi yawa, adadin da zai ƙone yana matsowa kusa da abin da aka ƙiyasta. Hujjar wannan ƙa'ida ta masanin lissafi Jacob Bernoulli ta fito a 1713, shekara 20 bayan Edmond Halley ya fitar da jadawalin mace-mace daga bayanan birnin Breslau a 1693. Wanda ke duba buƙatar kowane mutum ya yanke ko za a karɓe ta, da nawa, da wane sharaɗi, shi ne mai auna haɗari. Sana'arsa ta yi ƙarfi a shagon gahawa na Edward Lloyd a Landan wajen 1688, inda masu kuɗi kan sa hannu a ƙasan bayanin jirgi, kowa ya rubuta kason da ya ɗauka.

Mai auna haɗari yana rarrabe abubuwa uku da mutane kan cakuɗa. Akwai abin da ke haddasa asarar, kamar wuta ko ambaliya ko sata. Akwai yiwuwar aukuwarsa da girman ɓarnar da zai yi. Akwai kuma yanayin da ke ƙara wannan yiwuwar, kamar tsofaffin wayoyin lantarki, ko ajiye man fetur kusa da janareta, ko halin mai dukiyar da ya saki jiki don ya san akwai mai biya. Na ukun ne ya fi motsa farashi, kuma shi ne wanda mai dukiya ke da iko a kansa.

Duk wannan awo ya dogara ne da abin da mai neman inshora ya faɗa, shi ya sa fom ɗin neman inshora ya fi nauyin da ake ba shi. A cinikin yau da kullum mai saye ne ke da alhakin buɗe ido. A inshora doka ta ɗora wa ɓangarorin biyu cikakkiyar gaskiya, domin mai dukiya ya san abin da kamfani ba shi da hanyar sani. Shari'ar da aka gina wannan a kanta ita ce ta Carter da Boehm a Ingila, 1766. Gwamnan wani sansanin kasuwanci na Turawan Ingila a tsibirin Sumatra ne aka yi wa inshora kan yiwuwar abokan gaba su ƙwace sansanin, Faransawa kuwa suka ƙwace shi. Wanda ya sayar da inshorar ya ƙi biya, yana cewa an ɓoye masa raunin ganuwar. Alƙali Mansfield ya tabbatar da wajibcin bayyana gaskiya, amma ya yanke a biya, domin abin da wanda ya sayar da inshorar ya kamata ya sani da kansa game da yaƙin da ake ciki ba sai an gaya masa ba.

Abin da ake nema a bayyana shi ne muhimmin bayani, wato duk abin da zai sa mai auna haɗari mai hankali ya ƙi, ko ya ƙara kuɗi, ko ya sa sharaɗi. Gobarar da aka taɓa yi, kamfanin da ya taɓa ƙin karɓar mutum, motar gida da ake haya da ita, ciwon da likita ya riga ya gano, duk suna ciki. A tsohuwar doka, kamar yadda dokar inshorar teku ta Ingila ta 1906 ta tsara, kuskure ko da na mantuwa ne yana ba kamfani damar rushe yarjejeniyar kamar ba a taɓa yin ta ba. Hukunci ne mai tsanani, kuma ya cutar da mutane masu gaskiya da yawa. Birtaniya ta sassauta shi da dokar 2012 ga ɗaiɗaikun mutane da ta 2015 ga 'yan kasuwa. Yanzu a can idan kuskuren ba na ganganci ba ne, ana duba abin da kamfani zai yi da ya san gaskiya. Idan da zai karɓi 100 ne amma ya karɓi 80, sai ya biya kashi 80 cikin 100 na diyyar. Ƙasashe da dama da suka gaji dokar Ingila suna nan kan tsohon tsarin ko abin da ke kusa da shi, don haka kada wanda ya cike fom ya bar wa wakili ya rubuta masa amsa ya sa hannu bai karanta ba. Sa hannunsa ne a ƙasa, amsar ta zama tasa.

Kusa da wannan akwai sharaɗin da mai inshora ya ɗauki alkawarin kiyayewa tsawon wa'adin: za a kunna ƙararrawar ɓarayi duk dare, za a sami mai gadi, za a riƙa duba tukwanen kashe gobara. A tsohuwar doka karya irin wannan alkawari yana sauke wa kamfani nauyi ko da ba shi da alaƙa da asarar. Wanda ya san ba zai iya cika sharaɗi ba, ranar ƙulla yarjejeniya ce ranar faɗa.

Ba kowa ne ke da ikon yi wa abu inshora ba, sai wanda doka ta san zai yi asara idan abin ya salwanta. Mai gida, bankin da ya ba da rance a kan gidan, ɗan haya a kan kayansa, mai ajiyar kayan wani, duk suna da wannan alaƙa. Ita ce ta raba inshora da caca, kuma don hana mutane cin kuɗi a kan ran waɗanda ba su haɗa komai da su ba aka yi dokar inshorar rai ta 1774 a Birtaniya. Tarkon da ke nan ya fi kama masu kamfani. A shari'ar Macaura ta 1925, mutum ya sayar wa kamfaninsa katakon da ke gonarsa, kusan duk hannun jarin kamfanin nasa ne, sannan ya yi wa katakon inshora da sunansa. Wuta ta cinye katakon, kotun ƙoli ta Birtaniya ta lokacin ta ce ba za a biya shi ba, domin katakon na kamfani ne, kamfani kuma a idon doka wani ne daban. Har gobe ana maimaita wannan kuskure: mota da sunan kamfani, takardar inshora da sunan mai kamfanin.

Daga nan sai tambayar me aka rufe. Takardu iri biyu ne. Wata tana lissafa abubuwan da take karewa ɗaya bayan ɗaya, gobara, tsawa, fashewa, abin da ba ya cikin jerin ba ya ciki. Wata kuma tana cewa ta rufe duk wata asarar bazata sai abin da ta togace. Bambancin ya fi fitowa ranar gardama. A ta farko mai inshora ne zai tabbatar da cewa ɗaya daga abubuwan da aka lissafa ne ya jawo asarar. A ta biyu ya isa ya nuna an yi asara ta bazata, kamfani ne zai kawo hujjar cewa ta faɗa cikin togaciya. Togaciyar da aka saba gani ta haɗa da yaƙi, da gurɓatar nukiliya, da lalacewa ta tsufa da tsatsa, da abin da mai dukiya ya yi da gangan. Tarzoma, ta'addanci, ambaliya da girgizar ƙasa sau da yawa sai an saye su daban, a rubuta su a takardar ƙari da ake liƙa wa ta asali. Shafin togaciya shi ya kamata a fara karantawa, kafin ma shafin alkawura.

Idan abubuwa biyu suka haɗu suka jawo asara, ɗaya an rufe shi ɗaya an togace shi, ana neman musabbabi mai rinjaye. Ba lallai ya zama na ƙarshe a jerin lokaci ba. A 1915 jirgin yaƙin Jamus na ƙarƙashin ruwa ya harbi jirgin kaya mai suna Ikaria kusa da tashar Le Havre ta Faransa. An jawo shi cikin tashar da rami a jikinsa, iska mai ƙarfi ta taso, hukumar tashar ta sa aka matsar da shi waje don kada ya nutse ya toshe hanya. A can ya riƙa dukan ƙasa duk lokacin da ruwa ya janye, har ya karye ya nutse. Takardarsa ta rufe haɗarin teku, ta togace yaƙi. Masu jirgin suka ce igiyar ruwa ce ta nutsar da shi. Hukuncin 1918 ya ce harbin ne, domin tun daga lokacin jirgin bai taɓa fita daga hatsarin da harbin ya jefa shi ba. Ƙa'idar tana taimakon mai inshora ma. Kayan da ruwan 'yan kwana-kwana ya jiƙa, ko bangon da aka rushe don tare wuta, asarar gobara ce ko da harshen wuta bai taɓa su ba.

Ƙa'idar diyya ta haifi wasu kalmomi biyu da ke aiki bayan an biya. Ta farko ita ce maye gurbi. Idan wani direba ya bugi motar mai inshora, kamfaninsa ya gyara masa, haƙƙin bin wancan direba ya koma hannun kamfanin, har iyakar abin da ya biya. Ba zai yiwu mutum ya karɓi kuɗin gyara daga kamfani ya kuma karɓa daga wanda ya yi ɓarnar ba. A nan mutanen kirki kan yi kuskure da kyakkyawar niyya. A wurin hatsari a sasanta, a ce an yafe, ko a karɓi ɗan wani abu a rubuta cewa magana ta mutu, sannan a je wa kamfani da buƙata. Wanda ya yi haka ya toshe wa kamfani hanyar dawo da kuɗinsa, kuma kamfani na iya rage diyyar ko ya ƙi biya saboda haka. Haka ma amsa laifi a wurin hatsari, yawancin takardu sun hana shi sai da izinin kamfani. Ta biyu ita ce karo-karo tsakanin kamfanoni. Wanda ya yi wa gida ɗaya inshora a wuri biyu, miliyan 6 a nan miliyan 4 a can, ya yi asarar miliyan 5, zai karɓi miliyan 3 daga na farko da miliyan 2 daga na biyu. Miliyan 5 ɗin dai ita ce.

A inshorar alhaki, mai inshora shi ne ɓangare na farko, kamfani na biyu, wanda aka yi wa ɓarna na uku. Inshorar mota ta ɓangare na uku, wadda yawancin ƙasashe suka wajabta, tana biyan wanda aka buge ne, ba ta gyara motar mai ita. Mai son a gyara tasa sai ya sayi cikakkiya. Ga likitoci, lauyoyi da injiniyoyi akwai wani bambanci mai tsada. Wata takardar tana rufe kuskuren da ya auku a cikin wa'adinta, ko da bayan shekara goma aka kawo ƙara. Wata kuma tana rufe ƙarar da aka kawo a cikin wa'adinta ne kawai. Mai irin ta biyu idan ya daina aiki ya daina biya, aka kawo ƙara bayan wata shida kan aikin da ya yi a baya, ba shi da kariya, sai in ya sayi ƙarin wa'adi na bayan ritaya.

Inshorar rai ta fita daga ƙa'idar diyya, domin rai ba shi da farashi. Adadin da aka rubuta shi ake biya, kuma mai takardu uku za a biya duka ukun. Ta wa'adi tana biya ne idan mutuwa ta zo cikin shekarun da aka ɗiba, ita ce mafi araha. Ta tsawon rai da ta tanadi suna tara kuɗi a ciki, kuma wanda ya fasa a tsakiya ana ba shi kuɗin fansa, wanda a shekarun farko yakan gaza abin da ya zuba nesa ba kusa ba, saboda an ci kamasho da kuɗin buɗe takarda tun a farko. Idan ranar biya ta wuce akwai kwanakin alfarma, galibi 30, da kariya ke ci gaba. Bayansu takardar ta mutu, farfaɗo da ita kuma na iya buƙatar sabon gwajin lafiya. Sunan mai cin gajiya yana buƙatar sabuntawa bayan aure, haihuwa ko rasuwa. A inshorar lafiya kuwa kalmomin da za a nema su ne wa'adin jira kafin wasu jinyoyi su fara aiki, da matsayin ciwon da aka shigo da shi, da kason da majinyaci ke biya a kowane zuwa asibiti.

Kamfanonin su ma suna yi wa kansu inshora a wurin manyansu, irin su Swiss Re da aka kafa a 1863 da Munich Re a 1880, don kada bala'i guda ya durƙusar da su. Mai son sanin lafiyar kamfani ya duba abin da ya biya na diyya da na gudanarwa a kan firimiyar da ya samu. Idan jimillar ta haura kashi 100, ainihin sana'ar asara take yi, ribar zuba jari ce ke rufa mata asiri.

Takaful, wato inshorar tsarin Musulunci, ya zo da nasa kalmomin. Malamai da dama sun ga garari, wato rashin tabbas a ciniki, da kuɗin ruwa da kamannin caca a tsarin da aka saba, sai aka sake ginin yarjejeniyar. Abin da mahalarta ke zubawa tabarru'i ne, gudummawa ga asusun da yake mallakarsu, kamfani kuma mai kula ne, ko dai da lada a tsarin wakala ko da kason ribar jari a tsarin mudaraba. Idan asusun ya yi rara ana iya raba wa mahalarta, idan ya gaza kamfani ya ba shi rance marar ruwa. Kamfanin farko na zamani a Sudan aka kafa shi a 1979, Malesiya ta yi dokarta a 1984. Abin da ya kamata mai shiga ya sani shi ne abareji, akses, togaciya da wajibcin faɗin gaskiya duk suna nan a takardar takaful, da lissafi iri ɗaya.

Ranar asara mutane huɗu ne za a yi hulɗa da su, kuma sanin na wane ne kowannensu yana da amfani. Wakili na kamfani ne, kayan kamfaninsa yake sayarwa. Dillali a doka na mai saye ne, ko da yake daga kamfani kamashonsa ke fitowa, aikinsa ya zagaya kasuwa ya nemo abin da ya dace, ya kuma tsaya wa mutuminsa lokacin neman diyya. Mai tantance asara kamfani ne ke ɗaukarsa ya biya shi. A babbar asara mai dukiya yana da damar ɗaukar nasa mai ƙiyasin, wanda zai tsara masa buƙatar ya yi ciniki a madadinsa.

Matakin farko shi ne sanar da kamfani a rubuce cikin kwanakin da takarda ta ƙayyade, ko da ba a gama sanin girman ɓarnar ba, domin jinkiri kaɗai yana iya zama dalilin ƙin biya. Sata da hatsarin mota suna buƙatar rahoton 'yan sanda. Wajibi ne a rage ɓarna kamar babu inshora, a rufe rufin da ya yaye, a kwashe kayan da ruwa bai kai gare su ba, a ajiye rasit na abin da aka kashe, amma kada a zubar da abin da ya lalace ko a fara babban gyara kafin mai tantancewa ya gani. Hujjar daraja ita ce rasit, littafin kaya, bayanan banki da hotuna, kuma kwafinsu ya kamata ya kasance a wani wuri dabam da ginin da aka yi wa inshora, tunda wutar da ta ci kaya takan ci littafin kayan. Ƙara gishiri a buƙata yana iya jawo a rasa har ɓangaren da yake gaskiya. Idan tayin biya ya zo, a nemi lissafinsa layi-layi: darajar da aka ɗauka, abin da aka cire na tsufa, abareji, akses, kuɗin ragowa. Takardar sallama da ake sa wa hannu a ƙarshe takan ce an karɓi biya cikakke kuma na ƙarshe, saboda haka wanda bai gamsu da adadin ba ya rubuta ƙorafinsa kafin ya sa hannu, ya bi sharaɗin sulhu da ke cikin takardar, ko ya kai maganar ga hukumar da ke sa ido kan kamfanonin inshora a ƙasarsa.